Amsa: sa BOINC a faifan RAM zai ƙara masa gudu?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka daidai, kana gudanar da BOINC, manhajar nan da ke ba da aron kwamfutarka ga ayyukan binciken kimiyya ana ba ka maki, a kwamfuta mai RAM gig 16, ka ga fitilar faifai sai ƙiftawa take, shi ne kake so ka yanki wani ɓangare na RAM ɗin ka mayar da shi kamar faifai ka zuba foldar BOINC ciki, ko ayyukan za su riƙa ƙarewa da wuri maki ya hau. Ina cikin harkar nan tun SETI@home, ɗaya daga cikin ayyukan BOINC, na raba aiki kafin su dakata a 2020, kuma abun da kake shirin yi na gwada shi a Linux da Windows duka, to bari in faɗa maka yadda na gani.

Gaskiya a yawancin ayyuka ba za ka ga komai ba. Ɗauki Einstein@Home ko PrimeGrid, aikin yana saukowa daga sabar, a karanta fayil ɗin sau ɗaya ya shiga RAM, daga nan furosesa ne ko katin hoto ke ta lissafi awa da awanni, faifai yana zaune kawai. Abun da ke sa fitilar nan ƙiftawa galibi ajiye matsaya ne, wato aikin ya rubuta inda ya kai don in an kashe kwamfuta ya ci gaba daga nan, kuma a saitin da BOINC ke zuwa da shi ba ya wuce sau ɗaya a daƙiƙa 60, fayil ɗin ma sau da yawa ɗan ƙarami ne. Sannan wani abu da mutane ke mantawa, Windows da Linux da kansu suna riƙe fayilolin da ake yawan taɓawa a cikin RAM ɗin da ba kowa a kai, kaga rabin abun da kake nema an riga an yi maka shi. Kamar ka faɗaɗa ƙofar shagon niƙa ne alhali injin ne ke jan layi.

Kafin ka taɓa komai yi wannan gwajin, ba ya cin minti biyar. Buɗe BOINC Manager, zaɓi aikin da ya yi nisa, duba bayanansa, za ka ga lokaci iri biyu: wanda furosesa ya ci yana lissafi da wanda agogo ya nuna tun fara aikin. In sun kusa zuwa ɗaya, misali awa 5 da awa 5 da 'yan mintuna, to ba faifai ke riƙe ka ba, ko ka sa shi a RAM 'yan mintunan nan ne iyakar abun da za ka ceto. In kuwa tazarar tana da yawa sai a bincika, don ko nan ma ba lallai faifai ba ne, yana iya zama wata manhaja ce ke raba furosesa da shi.

Inda na ga amfaninsa da idona shi ne ayyuka masu nauyin tashi. Rosetta@home na Jami'ar Washington yakan kwance fayiloli masu yawan gaske lokacin da aiki zai fara, haka LHC@home na CERN da wasu ayyukansa ke tafiya cikin VirtualBox, manhajar da ke tayar da wata kwamfuta a cikin kwamfuta, da hoton faifai mai girman gig-gig. In tsohon faifai mai juyawa gare ka, kuma ka kunna kwamfuta ayyuka 8 suka tashi lokaci guda, za ka ji shi yana ƙara, linzami ya daskare, furosesa yana zaune yana jira. A nan kam RAM na sauƙaƙa tashin sosai. Haka masu Raspberry Pi, 'yar ƙaramar kwamfutar nan da ke aiki a katin memori, su ba gudu suke nema ba, katin suke karewa don yawan rubutu na kashe shi.

Amma fa ga matsalar, ayyukan nan da za su amfana su ne dai masu cin RAM. Aikin Rosetta ɗaya yana iya kaiwa gig 1 ko ya wuce, in furosesanka na ɗaukar 8 a tare ka lissafa, sannan ka cire gig 6 ka ba faifan RAM, me ya rage wa Windows da burauza? BOINC da kansa yana da iyaka, a saitin farko rabin RAM yake ɗauka in kana amfani da kwamfutar, kashi 90 in ka barta, da ya ga wuri ya ƙure sai ya tsayar da wasu ayyukan ya rubuta suna jiran memori. Ko kuma kwamfutar ta fara kwashe abun da ke RAM tana jibgewa a faifai, wanda shi ne ainihin abun da ka gudu, kuma wannan karon ya fi muni. A Linux ma tmpfs, wato faifan RAM ɗin kansa, ana iya tura shi swap, wurin da ake jibge rarar RAM a faifai, in an matsu.

Sai batun wuta, wanda ni shi ya fi damuna. Duk abun da ke RAM da an ɗauke wuta ya tafi, ba ya dawowa. Masu ba da wannan shawarar a Turai da Amurka wutarsu na iya shekara ba ta ƙifta ba, mu kuwa ka san halin da ake ciki. In dukkan foldar ka sa a RAM har da client_state.xml, fayil ɗin da BOINC ke rubuta duk ayyukan da ke hannunka, to da wuta ta dawo zai tashi kamar bai taɓa karɓar komai ba. Kuma ba kai kaɗai abun ya shafa ba, sabar tana can tana jiran sakamakonka har wa'adin ya cika kafin ta tura wa wani, a ayyukan da ake haɗa sakamakon mutum biyu don tabbatarwa wancan ɗan'uwan da ya gama nasa shi ma yana jira. Ka yi tunanin climateprediction.net na Oxford da aiki ɗaya ke cin kwanaki ko makonni, ya kai kashi 80 sannan ya ɓace. Bincike ne na gaske mutane ke jira, shi ya sa ba na son a yi wasa da shi don neman 'yan maki.

In duk da haka kana so ka gwada, kuma kana da inbata ko laftof mai batir mai kyau, to kar ka kwashe komai, foldar slots kawai za ka mayar, nan ne ayyukan da ke gudana ke rubuce-rubucensu, projects da client_state.xml su zauna a faifai. A Ubuntu foldar na /var/lib/boinc-client, sai ka tsayar da BOINC tukuna, ka ƙara layin tmpfs a /etc/fstab ka sa masa iyakar girma da kanka don in ba ka sa ba rabin RAM yake ba kansa dama, ka tabbata asusun da ake kira boinc ne ke da ikon foldar, sannan ka rubuta ɗan umarnin rsync da zai kwafe ta zuwa faifai kafin kashewa ya dawo da ita kafin BOINC ya tashi. A Windows foldar na C:\ProgramData\BOINC, mutane na amfani da manhajar ImDisk wajen yin faifan RAM. Ka dai sani kwafin nan kashewa ta lalama kawai yake ceto, in wuta ta yanke kwatsam ayyukan da ke tsakiya ko su koma daga farko ko su faɗi da kuskure.

Ni abun da nake yi yanzu ya fi sauƙi. Na ɗaga tazarar ajiye matsaya daga daƙiƙa 60 zuwa 300, rubutu ya ragu sosai kuma in wuta ta tafi asarar ba ta taka kara ta karya ba. Na kunna zaɓin barin aiki a memori in an dakatar da shi, don kar ya riƙa sauka yana sake lodi duk sanda na taɓa linzami. Sannan SSD, ko ƙarami ne, shi ke kashe matsalar tashin nan gaba ɗaya. In tsoronka kar BOINC ya cinye shi ne, SSD mai gig 500 na kamfanonin kirki ana ba shi garantin rubutu wajen terabait 300, saka CrystalDiskInfo ka duba nawa ake rubutawa a sati ka lissafa da kanka, hankalinka zai kwanta.

Kuma don Allah duba zafi. Furosesa in ya yi zafi da kansa yake rage gudu, da zafinmu na Maris da Afrilu da ƙurar hunturu da ke toshe fanka, sau da yawa nan gudun ke zubewa ba a faifai ba. Buɗe kwamfutar ka hure ƙurar, in man furosesa ya bushe a canza, in laftof ce ka rage yawan kawunan furosesa da BOINC ke amfani da su zuwa kashi 75 ka ga yadda za ta yi.

Turo mana sunan aikin da kake yi, irin faifanka, da lokutan nan biyu da na ce ka duba, sai mu ga ko naka na cikin waɗanda faifan RAM zai taimaka wa.