Keke daga Arkilla zuwa kasuwa, zai yiwu kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni a Arkilla nike zaune, shagona kuma na Babbar Kasuwa, tun da anka cire tallafin mai a 2023 kuɗin kabu-kabu ke cinye man 'yar ribar da nike samu. Akwai tsohon keken babanmu Phoenix shina nan aje, ina son in gyara shi in dinga zuwa da shi amma mai ɗakina ta ce wallahi mota za ta banke ni. Mi ka gani?
Wani mai karatu, Sakkwato

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Gyara shi ka hau, garin nan ba hawa da gangara gare shi da yawa ba, sai dai uwargida ma tana da gaskiyarta. Kafin komai a canza robar birki gaba da baya, birkin Phoenix na sanda ne, in robar ta cinye sai ka ta matsawa keke na tafiyarshi. A sa ƙararrawa da fitila, baya kuma a liƙa abin nan ja mai walƙiya in haske ya doke shi.

Abin da ya fi kada masu keke ba gudun mota ba ne, rashin ganinsu ne. Mutanenmu don tsoro sai su lafe can bakin kwalta, to nan ne rairayi ke taruwa, nan kwalbati take, nan ɗan kabu-kabu ko mai keke napep zai yanko gabanka ya ci birki ba sigina don ya hango fasinja, nan kuma mai motar da ya faka zai buɗe ƙofa bai duba ba. Ka bar kamar taki guda tsakaninka da bakin titi, ka tafi a miƙe ba kwana-kwana. Shataletale irin na Mai Ruwa da safe, in ka ga ya cakuɗe sauka ka tura, ba wanda zai ce ka ji kunya. Tirela ko tifa kuwa kada ka kuskura ka shiga damarta in za ta sha kwana, direban bai ganinka a madubi kuma tayoyin baya sun fi na gaba matsowa gefe. Bin hannun da ba naka ba don yanke hanya, wannan kam a bar shi.

Sai rana. A watan Afirilu zafin Sakkwato na wuce digiri 40, don haka fita bayan asuba da gorar ruwa, dawowa sai la'asar sakaliya. Lokacin hunturu ƙura na cinye sarƙa, a dinga goge ta ana ɗiga mai, kai kuma ka sa takunkumi.

Babbar riga ka ninke ta ka ɗaure a kariya, ka sa in ka isa shago, ƙafar wando kuma ka naɗe ta kada sarƙa ta kama. Kwaɗo mai kyau ka saya na kulle keken, kasuwa ce.