Fararen tsuntsayen da ke bin masunta sun ragu?

Ɗan'uwa, ka ce fararen tsuntsayen nan masu kai toka-toka da jan baki, da ke bin kwalekwale a Darak, garin nan na Tafkin Chadi, sun yi ƙaranci. Mai yiwuwa idonka bai yi ƙarya ba.

Su ba gwanayen nutso ba ne. Abin da ke saman ruwa suke tsinta: ƙananan kifi, ƙwari, da hanjin kifin da mata ke zubarwa wajen yin banda. Ka lura in ana jan taru, yadda suke shawagi da kururuwa, ɗaya ya fizge daga bakin ɗaya, rashin kunya ke nan ba wani abu ba.

Matsalar tana wajen ƙwai. A ƙasa suke sheƙa, jama'a guda, kan tsibiri ko cikin ciyawar ruwa, ƙwai biyu ko uku. Tafkin Chadi kuwa a 1963 ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000, fari na shekarun 1970 da 1980 ya cinye mafi yawansa. In ruwa ya ja baya, tsibiri ya haɗe da tudu, sai shanu su tattake, karnuka su shiga, yara su kwashe ƙwai a hula.

Ni dai da za a ji tawa, bulama ya hana taɓa sheƙa lokacin kwanci, a kuma daina kamun kifi da gidan sauro, don yana kwashe ƙananan kifin da suke ci.