Shin cusa kalmomin baftisma aka yi a Matiyu 28:19?

Tambaya: Malam, wani ya ce mini kalmomin "da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki" ba sa cikin Matiyu na asali, wai a taron Nikiya, babban taron bishop-bishop, aka ƙara su, tunda a Ayyukan Manzanni da sunan Yesu aka yi baftisma. Gaskiya ne?

Amsa: Ɗan'uwa, zancen yana da mafari, amma an kai shi inda hujja ba ta kai ba.

Mafarinsa Yusibiyus ne, bishop na Kaisariya a ƙarni na 4. Sau da yawa in ya kawo ayar, sai ya rubuta "ku almajirtar da dukan al'ummai da sunana", ya wuce. A 1901 wani masani Bature, Conybeare, ya riƙe wannan ya ce haka ayar take tun farko. Sai dai Yusibiyus ɗin nan ya kawo ta cikakkiya a wasu wurare. Kuma duk tsofaffin kwafin Helenanci da ƙarshen Matiyu ya tsira a cikinsu suna ɗauke da sunayen uku, har da Sinaitikus da Batikanus na ƙarni na 4.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne shaidun da suka riga taron Nikiya na shekarar 325. Littafin Didake, wani littafin koyarwar masu bi na farko wanda aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2, ya umarta a babi na 7 a yi baftisma da sunayen uku cikin ruwa mai gudu. In babu, a yi da wani ruwan. In ruwan bai isa ba, a zuba a kai sau uku. Jastin Shahidi, marubuci Kirista, ya bayyana baftisma da sunayen uku a Roma wajen shekarar 155, wani marubuci Kirista, Tatuliyan, kuma ya kawo ayar kanta wajen 200. Ta yaya taro zai ƙirƙiro abin da ake yi shekaru fiye da 150 kafin a zauna shi?

Ayyukan Manzanni 2:38 da 19:5 kuwa, tambayarka tana da nauyi. Akwai masana da ke ganin masu bi na farko sunan Yesu kaɗai suka kira a bakin ruwa, kuma ba na raina ra'ayinsu. Amma Didake da ya ba da sunayen uku, shi ne ya kira masu bi a babi na 9 "waɗanda aka yi wa baftisma da sunan Ubangiji". Marubucinsa bai ga saɓani tsakanin biyun ba.