Amsa: Kayan ɗibar jini na iya sa wa mutum cuta?

Malam, ka tambaya ko mutum zai iya kamuwa da cuta ta kayan da ake ɗibar jini da su a asibiti. Ƙwarai kuwa, idan an yi sakaci.

Allurar da aka ɓare daga ledarta a gabanka ba abin tsoro ba ce. Matsalar tana wajen maimaita allura ko sirinji, da kuma ɗan abin tsira yatsa na gwajin sukari, wanda ake yawan rainawa. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana 7 da ranta a busasshen jini, ko da ido bai gan shi ba. Kuma ta fi HIV saurin kamawa nesa ba kusa ba: idan allura mai ɗauke da ita ta soki wanda bai yi rigakafi ba, haɗarin na iya kai kashi 30 cikin 100, na HIV kuwa kusan kashi 0.3 ne.

Safar hannu da robar ɗaure damtse ma suna yawo da ƙwayoyin cuta. Kada ka ji nauyin cewa a canza safa.

In kuwa kana zargin an soke ka da tsohuwar allura, koma asibiti nan take, domin maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi.