Gwiwar ƙarfe da zaman tahiya

TAMBAYA: Salamu alaikum likita. Mahaifiyarmu ce ciwon gwiwa ya ci ƙarfinta, an ce guringuntsin ya cinye sai an sa mata ta ƙarfe. Ita damuwarta ɗaya, za ta iya sujada da zaman tahiya a ƙasa bayan aikin? Wani ya ce akwai mai tsada da ke lanƙwasuwa sosai, mu haɗa kuɗi mu saya ne? Daga Aboabo, Kumasi.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ƙirar gwiwar ƙarfen tana da tasiri kam, amma bai kai yadda aka zuzuta muku ba.

Gwiwar nan ba ƙarfe zalla ba ce. Ana lulluɓe ƙarshen ƙashin cinya da ƙarfe, a sa faranti a kan ƙashin ƙwauri, sai roba mai tauri a tsakani. Gwiwar da Allah ya halitta in ta lanƙwasa ƙashin cinya yakan mirgina baya har da ɗan juyi, shi ya sa diddige ke kaiwa mazaunai, to wannan mirginawar ce masu ƙira ke ta fama su kwaikwaya, a wata ƙirar ana barin jijiyar bayan gwiwa ta yi aikin, a wata a cire ta a yi wa robar ɗan turke a tsakiya wanda ƙarfen sama ke turawa, akwai ma wadda robar ke juyawa kaɗan a kan farantin.

Da digiri ake auna lanƙwasuwar gwiwa, miƙaƙƙiyar ƙafa sifili ce. Tafiya tana buƙatar lanƙwasa digiri 65 haka, tashi daga kujera wajen 90, shi kuwa zaman tahiya yakan kai 150. Yawancin waɗanda aka yi wa aikin suna tsayawa tsakanin 110 da 125. Mai tsadar an ƙera ta ne ta jure lanƙwasa mai zurfi, amma da aka gwada ta da ta gama-gari bambancin ƴan digiri ne kawai. Abin da ya fi yanke hukunci shi ne yadda gwiwar Hajiya ke lanƙwasuwa yanzu kafin aiki, sai gashin ƙashi, wato atisayen motsa gwiwar, a makonnin farko bayan aiki, wanda da yawan iyayenmu ke gudu saboda zafi, gwiwar ta sandare. Wannan yana damuna ƙwarai.

Don Allah kar ku ci bashi a kan maganar wani. In kun koma wurin likitan ƙashinku, ko a asibitin Komfo Anokye ko ina ne, ku tambaye shi digiri nawa take kaiwa yanzu, nawa kuma yake sa ran za ta kai. Ku fara shirya zuciyar Hajiya a kan sallah a kujera, addini ya yarje wa mara lafiya, kuma ku gyara mata banɗaki na zama kafin a sallamo ta don tsuguno zai yi mata wuya.