Haƙoran roba: shin da gaske ba a cire su idan za a kwanta?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata tana da shekara 71, an yi mata haƙoran roba na sama gaba ɗaya shekara uku da suka wuce. Wanda ya yi mata su ya ce kada ta riƙa cirewa ko da dare, wai dasashi zai motse su daina zama. A bakinta take goge su da man goge baki. Yanzu ganɗarta ta yi jawur, gefen leɓɓanta ya tsage, ga wari ya fara, kuma tana da ciwon suga. Hankalina ya tashi, ina tsoron kada ciwon daji ne.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya, ke kuma ya saka miki da kulawar da kike yi. Ki kwantar da hankalinki, 'yar uwa. Ba na yanke hukunci a kan bakin da ban gani ba, amma abin da kika kwatanta ya fi kama da kumburin da ke fitowa a ƙarƙashin haƙoran roba, wanda ƙwayar Kandida ke haddasawa, ita ce dai mai sa farin datti a harshen jarirai. Alamarsa ita ce jan ya tsaya daidai inda robar take kwanciya, kamar an zana. Tsagewar gefen leɓe ma sau da yawa tafiyarsu ɗaya, ciwon suga kuma yana ƙara wa ƙwayar ƙarfi. Yana warkewa. Sai dai idan kin ga miki ɗaya da ya wuce mako biyu bai warke ba, ko kullutu mai tauri, ko farin tabon da ba ya gogewa, wannan ba a jira, a kai ta a duba cikin makon nan.

To, mu dawo kan maganar da aka faɗa wa Mama, domin ita ce ummul haba'isin matsalar, kuma na gaji da jin ta. Kusan kullum sai an kawo mini dattijo ko dattijuwa da aka ce wa kada su cire. Ƙarya ce, kuma ƙarya mai cutarwa. Gaskiyar da ke cikinta ɗaya ce tak: idan an cire wa mutum haƙora aka sa masa na roba a ranar, mukan ce ya bar su a baki awa 24 na farko, don su danne wurin kafin ya kumbura. Dokar kwana ɗaya ce. Wani ya tsince ta a bakin ƙofa bai san dalilinta ba, ya mayar da ita dokar har abada, yana karɓar kuɗin bayin Allah yana saka su a uku.

Motsewar da ake tsoratar da mutane da ita daga ƙashin muƙamuƙi take. Da zarar saiwar haƙori ta fita, ƙashin da ke riƙe da ita ya rasa aikinsa, sai jiki ya riƙa janye shi a hankali, da sauri a shekarar farko, sannan sannu sannu har ƙarshen rayuwa. Barin roba a baki ba ya tsayar da wannan. Danniyar da ba hutu ma sai dai ta ƙara wa wurin wahala.

Ki dubi abin da ke faruwa da dare. Yawu, wanda shi ne mai wanke baki da kashe ƙwayoyin cuta, yana raguwa sosai idan mutum ya yi barci. Ita kuwa robar, duk santsinta a ido, cikinta da ke manne da ganɗa cike yake da ƙananan ramuka da dauɗa ke maƙalewa. Ga ɗumi, ga laima, ba iska. Kamar ƙafa ce da ta shekara uku cikin takalmin roba ba a taɓa cire shi ba. Abin kuma bai tsaya a baki ba. Tsoho yakan shaƙi ɗan yawu zuwa huhu cikin barci bai sani ba, idan yawun cike yake da ƙwayoyin cuta, sun sami hanya. Wani bincike da aka buga a 2015 ya bi tsofaffi 524 a Japan, masu shekara 85 zuwa sama, tsawon shekara uku. Waɗanda ke kwana da haƙoran robarsu haɗarin kamuwarsu da nimoniya mai tsanani ya fi na masu cirewa da ninki biyu. Ga wanda ya saka guntaye, na haƙori biyu ko uku, akwai kuma haɗarin su kwance cikin barci su faɗa maƙogwaro. Duk wannan saboda maganar mutumin da bai taɓa duba huhun kowa ba.

Na san ba taurin kai ne kaɗai ke hana iyayenmu cirewa ba. Kunya ce. Ba dattijuwar da ke son jikokinta su gan ta baki ya lotsa. Don haka kada ki yi mata maganar a gaban mutane. Ki samo mata ƙaramin mazubi mai murfi, ta cire idan ta shiga kwanciya, ta mayar da safe kafin ta fito. Idan da safe ta ji sun ɗan matse, cikin 'yan mintuna za su zauna.

Wankin kansa ba wuya. A cire a ɗauraye bayan cin abinci. Sau ɗaya a rana a goge da buroshi mai laushi da sabulun ruwa marar ƙarfi, musamman cikin kwarmin da ke taɓa ganɗa, a yi hakan a kan kwanon ruwa ko tawul, don faɗuwa ɗaya kan tsaga su. Man goge baki a ajiye shi, yana kankare robar ya ƙara mata ramuka. Ruwan zafi yana lanƙwasa su. Su kwana cikin ruwan sanyi mai tsabta, ko da ƙwayar wanke haƙoran roba, a ɗauraye sosai kafin a mayar baki, kuma ƙwayar nan ba ta sha ba ce. Masu ƙugiyar ƙarfe kada bilic ya taɓa su, yana cin ƙarfen. Bakin shi ma a goge dasashi da harshe da ganɗa safe da dare.

Ki kai Mama wurin ƙwararren likitan haƙori, da haƙoran a hannu. Zai iya rubuta mata nistatin ko mikonazol, magungunan kashe ƙwayar Kandida, amma idan tana shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, lallai ku faɗa masa, mikonazol ba ya jituwa da shi. Magani kaɗai ba zai isa ba muddin robar tana ɗauke da ƙwayar, ciwon zai dawo. A auna suganta. Bayan shekara uku mai yiwuwa haƙoran sun fara rawa, akwai ciko da ake yi musu daga ciki su koma daidai. Kada a kankare da wuƙa, kada a liƙe tsaga da gam na gida. Daga nan kuma a riƙa kai ta ana duba bakin sau ɗaya a shekara, ko da ba ta da haƙori ko ɗaya na kanta.