Tambaya da Amsa: Lambar 720,720

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas, albasa nake sayarwa. Yarona ya dawo daga makaranta yana cewa wai 720,720 duk lambar da ka ɗauka daga 1 har 16 za ta raba ta ba saura, na danna kalkuleta na ga haka ne, amma ban gane dalili ba. Dace ne ko akwai wani sirri?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya yi wa yaron nan albarka, gaskiya ya faɗa maka. Ba dace ba ne, ginin lambar ne haka.

Ka duba, 720 ce aka rubuta sau biyu a jere, kuma duk lamba mai gida uku da ka maimaita haka to daidai yake da ka ninka ta sau 1,001, gwada 315 sau 1,001 ka gani, 315,315 za ta fito maka. Ita kuwa 1,001 ɗin nan 7 sau 11 sau 13 ce, su ne masu taurin kai da suke hana kuɗi rabuwa a kasuwa, to ga su duka a ciki. Ita 720 kuma 16 sau 9 sau 5 ce, shi ke nan 2, 4, 8, 16 sun shiga, 3 da 9 sun shiga, irin su 6, 12, 14, 15 kuwa haɗin waɗannan ne kawai.

A ce cinikin mota guda ya tashi naira 720,720, in ku 7 ne kowa 102,960, in ku 13 ne kowa 55,440, in ku 16 ne 45,045, babu ko sisi da za a tsaya gardama a kai. Amma mutum na 17 yana shigowa an ɓata, kowa 42,395 sai naira 5 ta yi saura, don 17 ba ta cikin ginin.

Abin da ya fi burge ni wallahi shi ne ita ce mafi ƙanƙanta da take yin wannan aikin, ka rage ko nawa ne sai wata daga cikin 1 zuwa 16 ta ƙi. Sannan lambobi 240 ne suke raba ta cif, kuma duk lambar da take ƙasa da ita babu mai masu rabawa da yawa haka. Irin wannan rukunin Ramanujan, masanin lissafi ɗan Indiya, ya yi dogon rubutu a kansa a 1915, su 12 da 60 da 360 duk 'yan gidan ne, shi ya sa dozin da mintocin awa suke da daɗin rabo.

Ka ba yaron wannan aikin, ya nemo mafi ƙanƙantar lamba da 1 har 10 suke rabawa, kar ka bar shi ya taɓa waya. In ya kawo maka 2,520 ya ci.